Siminti ya sauka, haya fa?

A Oktoba 2024, bayan ambaliya, gwamnati ta rage kuɗin siminti da kashi 35 cikin ɗari. Na yi murna, balle a Malbaza, nan jiharmu, ake yin shi. To amma ku tambayi ɗan haya a Tawa: mai gida ya rage masa ko dala?

Tsadar ta fili ce. Da an yanka filaye, masu kuɗi su kwashe su ajiye sai sun yi tsada. Ɗan ci-ranin Adar ya dawo daga Abijan, ya tarar guminsa bai kai ba.

Ni dai ina ganin magajin gari ya sa wa'adi: ka gina, ko a karɓe filin a sayar wa mai buƙata. Ku fa, me kuka gani?