Maigida, Layin Waya Kafin Tsaraba

Yau da matafiya nake, masu shirin Umara ko aikin Hajji, da 'yan kasuwarmu masu zirga-zirgar Dubai da ƙasar Sin. Amma uwargida ki matso kusa, domin maganar ta fi shafar ki.

A da can idan mutum ya tafi ƙasa mai tsarki sai dai a bi shi da addu'a. Wanda ya yi ƙoƙari ya aiko wasiƙa, ko ya ɗauki muryarsa a kaset ya ba mai dawowa, mai hali kuwa ya buga gidan maƙwabcin da ke da wayar NITEL a turo yaro da gudu. Kowa ya san uzurin matafiyi, ba mai riƙe shi a zuci. To amma tun da salula ta shigo Nijeriya a 2001 wannan uzuri ya faɗi. Yau mace ta yi kwana uku ba ta ji muryar mijinta ba, zuciya kuwa ba ta da ƙashi, sai ta shiga saƙe-saƙe: ko ba shi da lafiya ne? Ko dai ya manta da mu? Ga yara suna "Umma yaushe Abba zai kira?" Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wallahi na ga gidan da shirun mako guda ya haifar da gabar wata biyu.

Idan ya dawo aka tambaye shi, sai ya ce, "Ai layina ne ba ya yi a can." E, da gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Layin gida idan ya ƙetare iyaka hawa yake kan na wani kamfani, abin da ake kira romin, kuma tsadarsa ba a magana, sau da yawa har amsa kira sai an cire maka kuɗi. Maganin abin kuwa mai sauƙi ne: ranar da ka sauka ka sayi layin ƙasar, da sunanka, ka aiko da lambar gida tun kafin ka fara tunanin atamfa da turare.

Mu ɗauki Saudiyya, tunda can mutanenmu suka fi zuwa. Manyan kamfanoninsu uku ne, STC da Mobily da Zain, kuma za ka same su tun daga filin jirgin Jidda ko na Madina, haka ma cikin gari. Ka riƙe fasfonka da bizarka, domin tun 2016 ba a yi wa layi rajista a can sai mai shi ya dangwala yatsa. Ka tambayi abu uku kafin ka miƙa Riyal ɗinka: data nawa ce a ciki, akwai mintunan kiran ƙasar waje, sannan kwana nawa zai yi kafin ya ƙare? Mai zaman kwana arba'in kada ya sayi na mako biyu. Kada kuma ka bar kantin sai an sa layin a wayarka, ka ga ya kawo, ka yi kira ya shiga.

Ga inda nake jan kunne. Za ka iya cin karo da mai tallar layi a bakin titi, ya ce an riga an yi rajista, ba bin layi ba dangwale. Araha ba ta ado. Layin da ke ɗauke da sunan wani ana iya rufe shi kowane lokaci, ba ka da bakin magana. Haka nan kada kunya ta sa ka ba da fasfonka ko yatsanka a buɗe wa wani layi, kada kuma ka kyautar da naka ranar dawowa, domin duk abin da aka aikata da shi sunanka za a gani.

Layinka na gida kuwa ka adana shi kamar fasfo. Yawancin wayoyinmu gida biyu gare su, ka bar shi a ɗaya, ka dai kashe datarsa, saboda ta nan banki zai turo maka lambar sirri idan za ka tura kuɗin cefane. WhatsApp ɗinka ma zai ci gaba da aiki da tsohuwar lambarka ko da ka sa sabon layi, muddin ba ka taɓa wurin sauya lamba ba.

Ke kuma uwargida ga naki karatun. Lambar Saudiyya da 05 take farawa, idan za ki kira sai ki jefar da sifirin ki sa +966 a gaba. Shi kuma zai sa +234 ya cire sifirin lambarki, mutanen Nijar +227. Ki tuna Makka ta riga mu da awa biyu, Dubai da uku, Sin da bakwai, kada ki buga wa bawan Allah tsakar dare ki ce ya ƙi ɗagawa. A Dubai kiran WhatsApp ba ya shiga, sai dai saƙon murya da rubutu. A Sin kuwa layin ƙasar ba ya buɗe WhatsApp ko Facebook gaba ɗaya, don haka ku sauke WeChat ku biyu tun yana gida. Ba toshe ki ya yi ba, dokar ƙasar ce.

Idan Hajiya Babba ce za ta tafi, a rubuta mata lambar gida da ta jagoran tawagarsu a takarda, da manyan baƙi, ta sa a jakar wuyanta. Tantunan Mina duk kamarsu ɗaya, tsohuwa tana iya fita alwala ta kasa gane hanya. A faɗa mata lambar gaggawa a Makka 911 ce.

Saura ƙiris in manta da masu mata biyu. Malam, lambar nan ka tura wa kowacce da hannunka, a rana ɗaya. Kada uwargida ta ji lambar mijinta a bakin amarya, wannan ba ƙaramin cin fuska ba ne. Ku kuma 'yan uwana mata, in ya kira a fara tambayar lafiyarsa da gajiyar hanya, ba a tare shi da lissafin tsaraba ba. Idan ke ce matafiyar, duk abin da na faɗa wa maigida ke ma ya hau kanki.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku a kullum.