Ɗan Manomi A Ajin Injiniya: Wa Zai Ɗauki Ɗawainiyarsa?

A shekarar 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Hikimar da aka yi ita ce a zaƙulo yara masu hazaƙa ta hanyar jarrabawa, a killace su a makarantar kwana, a ciyar da su, a kuma ba su malamai da ɗakunan gwaje-gwaje. Da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyin da Kano da Jigawa ke alfahari da su a yau ta wannan ƙofa suka bi, kuma a cikinsu akwai waɗanda iyayensu ba su mallaki komai ba sai gona da fartanya.

Tambayar da ke gabanmu ita ce, shin ɗan manomin da ya samu gurbin karatun injiniya a Jami'ar Bayero, ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil wadda aka buɗe a 2001, yana da tabbacin kaiwa ƙarshe?

Sanin kowa ne cewa cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ninka kuɗin mota da na abinci, kuma a wannan shekarar ce jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista. Gwamnatin Jihar Kano ta kai ɗauki, inda ta amince da Naira miliyan 700 domin biya wa ɗalibai 7,000 na Jami'ar Bayero, ta kuma rage rabin kuɗin makaranta a manyan makarantun jiha. Ita kuwa Gwamnatin Tarayya, ta sake fasalin dokar ba ɗalibai rance a watan Afrilun 2024, aka buɗe shafin neman rancen asusun NELFUND a watan Mayu. Sabuwar dokar ta soke sharaɗin kawo masu tsaya wa ɗalibi, wanda dā ma shi ne zai fi kayar da ɗan ƙauye. Rancen ba shi da ruwa, abin da ya kwantar da hankalin iyaye da yawa, kuma ba a fara biya sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa. Asusun ya fara da ba ɗalibi Naira 20,000 a wata na kashewa, ban da kuɗin rajista da ake biya wa makaranta kai tsaye.

Ko shakka babu wannan ci gaba ne. To amma kuɗin rajista ba shi ne dukan ɗawainiyar ba, musamman ga mai karatun kimiyya. Digirin injiniya shekara biyar ne, alhali yawancin fannoni huɗu ne. A shekara ta huɗu ɗalibi yakan fita koyon aiki na wata shida a ƙarƙashin shirin SIWES, kuma masana'antun da za su karɓe shi suna Sharaɗa ko Bompai ko Chalawa, ko ma Kaduna da Legas. Ɗan birni daga gidansu zai riƙa zuwa. Wanda ya fito daga Doguwa ko Kunci sai ya nemi masauki, ya ci da kansa. Ga kwamfuta, ga kayan zane, ga aikin binciken shekarar ƙarshe da ke buƙatar sayen kayan haɗi. Uba kuwa sau ɗaya yake ganin kuɗi a shekara, da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha. Idan rajista ta faɗo tsakiyar damina, sai dai a sayar da ɗan maraƙi ko a jinginar da gona. Shi ya sa tallafin karatun da ya iso bayan an rufe rajista, komai yawansa, ya zama ihu bayan hari.

Akwai kuma shingen da ke gaba da wannan. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta ɗungurungum, daga 2021 kuma sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ake rajista. Neman rancen NELFUND shi ma ta intanet ne, kuma yana buƙatar wannan lambar da ta banki. Yarinyar da ta gama sakandare a makarantar da malamin lissafi ke haɗawa da koyar da fiziks, ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, tun a nan ake barinta a baya. Babu wanda zai lissafa ta cikin waɗanda suka kasa biyan kuɗi, domin ba ta ma isa bakin ƙofar ba.

A ganinmu, nan ne aikin ƙananan hukumomi yake, kuma ba aiki ne mai cin maƙudan kuɗi ba. Kowane ɗalibi sai ya je sakatariya karɓar takardar shaidar asali, ke nan sashen ilimi na iya buɗe kundi ya san ɗaliban kimiyya nawa ƙaramar hukumar ke da su, a wace makaranta, a wane aji. Dagatai da masu unguwanni sun san gidan da ke da hali da wanda ba shi da shi, fiye da duk wata takardar da za a cike. Kwamfuta biyu da ma'aikaci ɗaya a sakatariya sun isa a taimaka wa yara su cike neman rance ba tare da sun biya 'yan shagon intanet ba. Tunda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya kamata kansiloli su nemi a sanya kuɗin masaukin masu koyon aiki da na binciken shekarar ƙarshe a kasafin kuɗi, a kuma biya bisa kalandar jami'a, kafin a rufe rajista.