Ajiyar da ba a gwada dawo da ita ba, ba ajiya ba ce

A ƙarshen watan Yunin 2017 wata muguwar manhaja da ake kira NotPetya ta taso daga Yukiren ta bazu duniya. Cikin waɗanda ta durƙusar har da Maersk, katafaren kamfanin jiragen ruwa na Denmark, wanda kwantenoninsa muke gani a tashar Tema. Kwamfutocin da ke riƙe da sunaye da izinin shiga na duk ma'aikatansa sun goge gaba ɗaya, in ban da guda ɗaya tak. Ina take? A ofishinsu na nan Ghana. Abin da ya tsare ta kuwa shi ne an ɗauke wuta, ba ta kan layi lokacin da annobar ta wuce. Da hannu aka ɗauki faifan zuwa Najeriya, daga can wani ya tashi da shi Ingila. Shugaban kamfanin ya faɗa daga baya cewa sun sake ɗora manyan kwamfutoci 4,000 da ƙanana 45,000 cikin kwana 10, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Mu da muka sha wahalar dumsor, labarin zai ba mu dariya: ashe ɗaukewar wuta ma tana da ranarta. Amma ni abin da na gani a ciki daban ne. Kamfani mai wannan girma sa'a ce ta cece shi, ba shiri ba. To ina ga makarantunmu na Madina da Nima da Maamobi?

Ni malamin makaranta ne, kuma na ɗanɗana. A wata makaranta da na taɓa koyarwa, kwamfuta ɗaya ce ke riƙe da komai: rajistar yara, makin jarrabawa, lissafin kuɗin makaranta. Ana dab da rufe rajistar BECE ta ƙi tashi. Shugaban makaranta ya ce mu kwantar da hankali, ai komai na ajiye a intanet. Gaskiya ya faɗa, ajiyar na nan. Sai dai kalmar sirrin tana hannun malamin da ya bar aiki. Da muka same shi, sauke kayan ya ci mana kwanaki. Da suka sauka, manhajar da za ta buɗe su ta tafi tare da matacciyar kwamfutar. Iyaye na tsaye a bakin ƙofa, mu muna ta bin tsofaffin littattafai muna kwafe ranar haihuwar yara da biro. Allah Ya rufa asiri mun kai, amma da ƙyar.

Tun ranar na daina tambayar mutane ko suna da ajiya. Tambayata yanzu: in abin ya mutu yau, awa nawa za ku yi kafin ku koma aiki?

Lissafin ba wuya. Gigabayt 100 a kan layi mai gudun megabit 10 a daƙiƙa zai ɗauki kusan awa 22, in wuta ba ta ɗauke ba, in data ba ta ƙare ba. Kuma wannan saukewa ce kawai, ba a zo ga sake ɗora manhajoji ba.

Masu fasaha sun samo wa wannan hanya. Maimakon a ajiye takardu kaɗai, sai a mayar da kwamfutar dungurungum, da manhajojinta da saitinta, ta zama ƙunshi guda da ke iya aiki a cikin kowace na'ura. Kwamfuta ce a cikin kwamfuta. Wannan ƙunshi ake kwafa zuwa rumbun intanet, wanda ake ce wa gajimare, wato manyan na'urorin wani kamfani da kake haya. Ranar da tsautsayi ya faɗa, ba sai ka jira komai ya sauka ba. Ana iya kunna ta kai tsaye daga cikin ajiyar, ka ci gaba da aiki, sauran kayan na tahowa a hankali. Za ta ɗan yi nauyi da farko, amma ƙofa a buɗe take. Kamar mai shago ne da gobara ta ci rumfarsa, ya tarar da wata a shirye da kaya a jere, ba buhuna a ɗaure ba.

Wani zai ce, Malam, wannan ai na bankuna ne, mu albashin malamai ma da ƙyar. Na yarda akwai kuɗi, kuma da dala ake biyan yawancinsu, ga sidi ba ta zama wuri ɗaya. Na kuma yarda gajimaren ba shi kaɗai ne mafita ba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun yanke, Ghana da maƙwabta suka yi kwanaki cikin wahalar layi. Wanda duk ajiyarsa ke waje, ranar hannunsa bai kai gare ta ba. Shi ya sa masana ke cewa kwafi 3, a kan abubuwa iri 2, guda 1 a wani wuri nesa. Na nesan ba wasa ba ne a garin da ya ga ambaliya da gobarar 3 ga Yunin 2015 a Circle, ya kuma ga wuta ta cinye ginin Ma'aikatar Harkokin Waje a 2009.

Abin da ya fi muhimmanci kuma ba ya cin ko kwabo: gwaji. Sau ɗaya a kowane zangon karatu, a ɗauka kwamfutar ta mutu. A ɗauko wata, a dawo da komai a kanta, a duba agogo. A rubuta matakan a takarda. Kalmar sirri ta kasance a hannun mutum biyu amintattu, ba a kan yaro ɗaya da ya iya kwamfuta ba, don gobe yana iya samun aiki a Kumasi. Makarantu uku ko huɗu na unguwa ɗaya za su iya haɗa kuɗi su ɗauki ma'aikaci guda, kamar yadda muke yin adashi. Matasanmu da suka karanci wannan fanni suna nan cikin Zango, a kira su.

Sunayen yara da makinsu amana ce a hannunmu. Dokar kare bayanai ta 2012, Act 843, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su daga ɓacewa, ba daga sata kaɗai ba. Ina kira ga masu makarantu da kwamitocin masallatai da shugabannin ƙungiyoyinmu: a zamanku na gaba, ku sa a gwada dawo da ajiyar a gabanku. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba kullum ɗaukewar wuta ke zuwa a kan lokaci ba.