Dariyar da ake saye da hawayen wani

Masu iya magana sun ce da wasa ake gaya wa wawa magana. Wannan karin magana ya dace da wasan zane mai motsi na ƙasar Amurka da ake kira The Simpsons, wanda masu kallon tashoshin Faransa suka sani da sunan Les Simpson. Matt Groening ne ya ƙirƙiro shi, kuma tashar Fox ta fara nuna shi a watan Disamba na 1989.

A watan Mayu na 2002 an nuna wani kashi mai suna The Frying Game. A cikinsa, maigida Homer da matarsa Marge suna yi wa wata tsohuwa mai dukiya hidima. Ran nan sai aka tarar da ita an soke ta da almakashi. Da aka buɗe wasiyyarta sai aka ga ta bar musu dalar Amurka 50.000, sannan ƴan sanda suka gano sarƙarta ta lu'ulu'u a gidansu. Alƙali ya yanke musu hukuncin kisa. Domin ya ceci matarsa, Homer ya ɗora wa kansa laifin da bai aikata ba, ya ce shi kaɗai ya yi. Sai da aka ɗaure shi bisa kujerar lantarki sannan aka bayyana masa cewa duk abin shiri ne na ɓoyayyar kyamara mai suna Frame Up. Tsohuwar ma ba tsohuwa ba ce, ƴar wasa Carmen Electra ce ta ɓad da kama.

Shirin Frame Up ba ya wanzuwa sai a cikin wannan labari, amma sana'ar da yake yi wa ba'a tsohuwa ce. Tun 1948 Allen Funt ya kai Candid Camera gidan telebijin a Amurka, inda ake ɗana wa mai wucewa ɗan tarko, a yi dariya, a rabu lafiya. Da tashoshi suka yawaita, gasar neman ƴan kallo ta yi zafi, domin yawansu ne ke tsayar da farashin talla. A 1999 aka fara Big Brother a Holan, a 2001 kuma Loft Story a Faransa, inda ake kulle mutane a gida guda ana ɗaukar hotonsu dare da rana. Su dai waɗannan sun san da kyamarar. Marubutan The Simpsons sai suka ja zaren har ƙarshensa: in firgita mutum kaɗan yana kawo riba, me zai hana a kai shi bakin kabari?

Duk ɗan kasuwa ya san ba a sayar da hajar da mai ita bai sallama ba. A nan kuwa hajar ita ce tsoron mutum da mutuncinsa, kuma ba a neman yardarsa sai bayan an gama ciniki. Ma'aikacin gwamnati ma yana da nasa darasin: shugaban ƴan sanda Wiggum ya fusata da aka ɓata lokacin ma'aikatarsa da kuɗin masu biyan haraji, amma ya huce da ya ji sunansa zai fito a shirin.

A yau ba sai babbar tasha ba. Wayar salula ta sa kyamara a aljihun kowa, kuma yaro na iya firgita dattijo a bakin kasuwa, ya watsa hoton a TikTok kafin a tashi cin kasuwar. Wanda ya kalla, ya yi dariya, ya tura wa aboki, shi ne mai saye, kuma muddin akwai mai saye ba za a rasa mai sayarwa ba. Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa, ko da an ce wasa ake yi.