Wai tawada ma yanzu tana ɗauke da cuta

Tun da shugaban kamfanin HP na lokacin, Enrique Lores, ya fito a tashar CNBC cikin Janairun 2024 ya ce katirijin da ba nasu ba zai iya shigar wa kwamfuta da cuta, masu wa'azin "sai orijina" suka samu abin kafa hujja. Har a nan Daura, mai shagon buga takardu da ke ɗura tawada da sirinji ana yi masa kallon mai sayar da jabun magani. To, a buɗe katirijin a duba mana. Ɗan akwatin roba ne da soso a ciki, da kafar shan iska ƙarƙashin takardar da aka manna a samansa, sai ƙananan ƙofofin fitar tawada a ƙasa. Soson ke riƙe tawadar kada ta tsiyaye. A firintocin HP da Canon, zafi ke tafasa ta nan take, kumfa ta taso ta turo ɗigo kan takarda. A ina cutar za ta ɓuya? Cikin soso? Abin da ke iya ɗaukar manhaja shi ne ɗan cif ɗin da ke jikin katirijin, kuma kamfanonin ne da kansu suka kawo shi, don ya riƙa ƙiyasin abin da ya rage, ya kuma tona asirin katirijin baƙo. Da shi HP ta sa firintoci suka ƙi karɓar na wasu a 2016.

Za a ce ɗuri na kashe firinta. Abin da ke ƙona kan katiriji shi ne a ci gaba da bugawa bayan ya bushe, domin tawadar ce ke sanyaya shi. Mai ɗurawa kan lokaci ceton sa yake yi. Wanda ya cika soso har ya yi ambaliya, hannunsa ne bai faɗa ba. Da ɗuri laifi ne, da Epson ba ta fito da EcoTank ba, wadda da kwalba ake zuba mata tawada. Ko kotun ƙolin Amurka, a shari'ar Lexmark ta 2017, ta yanke cewa da zarar kamfani ya sayar da katiriji, haƙƙin ƙirarsa bai ba shi ikon hana a sake cika shi ba.

Amma mu nan, sai mun fi mai kora shafawa. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, kuma ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ko na Jami'ar Sufuri da ke Daura, da yaron da ya zo daga Mai'aduwa ko Zango don ciro takardar JAMB, su za a ɗora wa kuɗin sabon katiriji. Masu ihun orijina kuwa galibi ba daga aljihunsu ake saye ba, takardar sayen kayan ofis kawai suke sa wa hannu. Tsohon raini ne dai, wanda aka daɗe ana yi wa bakanike da mai gyaran rediyo: aikin hannun ɗan gida ba ya da daraja sai an rasa yadda za a yi. Ranar da albashi ya makara, a ƙofar mai sirinjin nan za ka tarar da masinjan ofishinsu riƙe da katiriji a leda.