'YAN AGAJI: YABO KAƊAI BA YA ƊAURE RAUNI

Duk wanda ya fito daga Masallacin Juma'a yau a Funtua ko Malumfashi ya wuce su a bakin titi, sanye da kaki, usur a baki, suna tsare ababen hawa domin masallata su tsallaka lafiya. Su ne a filin Idi, su ne a wajen tafsirin azumi, su ne a maƙabarta. In mota ta kife a hanyar Zariya ko ta Gusau, ko a tsakanin Bakori da Malumfashi, sau da yawa ɗan agaji ne kan riga kowa isa. Ba albashi, ba alawus, sai neman yardar Allah (SWT).

Wannan aiki ba baƙo ba ne a Musulunci. A shekara ta 5 bayan Hijira, lokacin da kibiya ta sami Sa'adu bin Mu'azu (RA) a yaƙin Handaƙ, Manzon Allah (SAW) ya sa aka kai shi hemar Rufaida (RA) da ke cikin Masallacinsa, inda take jinyar masu rauni. Abin lura a nan shi ne, ba addu'a kaɗai aka yi wa Rufaida ba, an ba ta wuri, kuma a mafi darajar fili a Madina.

A ƙasar nan ma, Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962, da Fityanul Islam ta 1963, da Izala ta 1978, kowace tana da rundunar agajinta, kuma matasan wannan yanki sun cika su. To amma me al'umma ta tanadar masu?

Abin takaici, amsar ita ce takardar yabo a ranar taro, sai kabbara, sai kowa ya watse. A leƙa ofishin agaji na unguwa a gani. Sau da yawa ɗaki ne na aro, benci ɗaya da tsohon akwati. Yankin da aka san shi da noman auduga tun zamanin Turawa, yau ɗan agajinsa na iya rasa audugar da zai tsayar da jini. Yana taɓa jinin mutane ba safar hannu. Ana ɗaukar mai karaya a tabarma, a jefa shi bayan a-kori-kura, kafin a kai asibiti ciwon ya ninka. Wani ma makarar masallaci ake arowa a ɗauke shi, alhali yana da rai.

Kuma nauyin ƙaruwa yake yi. A watan Agustan 2025 'yan bindiga suka buɗe wa masallata wuta ana Sallar Asuba a Unguwar Mantau, cikin Ƙaramar Hukumar Malumfashi, aka rasa rayuka masu yawa, Allah Ya karɓi shahadarsu. A irin wannan rana, kafin taimako ya iso daga birni, ran mai rauni yana hannun wanda ke kusa da shi ne. In ya san yadda ake ɗaure jijiya, kuma yana da abin ɗaurewa, sai a tsira da izinin Allah. In babu, sai salati.

Don haka wannan jarida tana kira ga ɓangarori uku.

Na farko, kwamitocin Masallatan Juma'a. A ware sadakar Juma'a ɗaya a kowane wata domin sayen bandeji, safar hannu, tocila da gadon ɗaukar maras lafiya, a kuma karanta wa jama'a lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe.

Na biyu, manyan manoma da 'yan kasuwar hatsi na Funtua, Dandume, Bakori, Ƙafur da Danja. Buhun masara ɗaya daga kowane rumbu a lokacin kaka, in an haɗa, zai tayar da motar ɗaukar marasa lafiya ta waƙafi. Abdul Sattar Edhi na Pakistan, wanda ya rasu a 2016, da tsohuwar mota ɗaya ya fara a Karachi, da sadakar talakawa kuma motocinsa suka mamaye ƙasar.

Na uku, ƙananan hukumomi. Su ba rundunonin nan ɗaki na dindindin kusa da tasha ko kasuwa, su haɗa su da ma'aikatan jinya, 'yan kwana-kwana da jami'an kiyaye haɗurra domin horo a kai a kai. Ɗan agajin da ya ji rauni a bakin aiki kuwa, a ɗauke masa kuɗin magani.

Su ma shugabannin ƙungiyoyi akwai nasu. Wanda ke kwance cikin jini a gefen titi ba ya tambayar launin kakin wanda ya ɗaga shi. Babu dalilin da zai hana rundunonin gari guda su yi horo tare, su yi tarayya a mota guda.

Wanda ya wuce ɗan agaji yau bai kula ba, ya tuna cewa gobe wataƙila a hannunsa zai farfaɗo. Allah Ya saka masu da alheri, Ya ba al'umma ikon sauke haƙƙinsu, amin.