Zamfara: Ƙaramar bindiga da tazarar da ba a faɗa wa manomi

Tun watan Yunin 2022, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta shawarci al'ummar Zamfara su nemi lasisin mallakar bindiga, batun kare kai ke dawowa bakin 'yan siyasa duk lokacin da aka kai hari a Ƙauran Namoda, Shinkafi ko Zurmi. Abin da ba a faɗa shi ne tazara.

Ƙaramar bindigar hannu mai kafaffen saiti ba ta da abin ɗagawa ko saukewa gwargwadon nisa, kuma da yake bakinta gajere ne, ɗan motsin hannu ya isa ya kautar da harsashi. Ko a hannun ƙwararre, da wuya ta yi tasiri bayan mita 50. AK-47 ɗin yaran Bello Turji kuwa, ana daidaita saitinta, tana samun mutum daga mita 300. Manomin Zurmi zai faɗi tun kafin maharin ya shigo inda harbinsa zai kai.

Ga kuma shari'a: Dokar Makamai ta 1959 ta sanya ƙananan bindigogi cikin haramtattu, shugaban ƙasa kaɗai ke ba da lasisinsu. Gwamna ba shi da wannan hurumi.